Zaren Hannun Goggo Ku Paw

"Mu Wah, miƙo min almakashin nan naki," in ji Goggo Ku Paw.

Ina zaune a gefen tabarmarta ina rage mata wuyan riga, don ciwon ya cinye ta har kayanta sun daina zama a jikinta. Na ɗauka wani zare ta gani ya fito a ɗinkin. Sai ta zaro hannunta daga bargo ta ɗora min a cinya, ta nuna min fararen zaruruwan da ke ɗaure a wuyan hannun.

"Waɗannan za ki yanke min."

Mijinta, Baba Kler, yana bakin murhu yana dama kunun shinkafa. Ya ajiye ludayin a hankali.

"Uwar Eh Doh, zazzaɓi ne ke magana," ya ce. "Ke kuma 'yar nan, mayar da abinki cikin jaka."

Shekara ashirin da shida gidajenmu, waɗanda aka kafa bisa turaku, na kallon juna, tsaninsu da namu taku goma ne, kuma ban taɓa ganin matsoraciya irin Goggo ba. Tsuntsu ya yi kuka ta hagu, ta fasa zuwa gona. Ta yi mafarkin haƙori ya faɗi, a yanka kaza. Tun ranar da rafin ƙasan gari ya cinye ɗanta ɗaya tilo, Eh Doh, yana ɗan shekara tara, ba ta sake taka ruwan ba. Wanda ruwa ya ci ba a kawo shi cikin gari, don haka a can ƙetare aka binne shi, inda aka tsince shi, kuma ba ta taɓa ganin kabarin ba. Aka ce aljanin ruwan ya ɗanɗana jinin gidan, saura uwar. Daga ranar Baba Kler ya fara ɗaure mata zare don kada kurwarta ta bi yaron. Duk sabon wata zai tsaya ya ƙwanƙwasa tsani da ludayi, ya kira kurwarta ta dawo gida, ya ƙara wani zaren a kan na da.

Shekara takwas da suka wuce ta karɓi Yesu. Ko baftismar ma a cikin babban baho aka yi mata a bayan coci, don ta rantse ba za ta shiga rafi ba. Ta koma sa riga mai dogon hannu don Fasto kada ya ga zaren. Mu matan ƙungiyar waƙa mun sani, kuma ni ce kan gaba wajen tsokanarta. "Goggo, Yesu a zuciya, zare a hannu, ke kam kin tsare ƙofa biyu." Sai ta yi dariya ta ja hannun rigar ƙasa.

To ga ni yau da almakashi a hannu, ni da aka haifa a cikin coci, na kasa yankewa. Na ji kunya ƙwarai, amma tsoron ya fi kunyar ƙarfi. In na yanke ta cika a daren fa, da wane ido zan dubi tsohon nan?

"Ba shi da kaifi, Goggo," na ce.

"Yanzu kika yanka min wuyan riga da shi." Ta yi murmushi, bakinta duk ya bushe. "Ashe ke ma ƙofa biyu kike tsarewa."

Na mayar da almakashin cikin jaka. Ta mayar da hannun cikin bargo, ta ce to a kai ta ƙetare gobe, tana son ganin ɗanta.

Washegari da hantsi maza huɗu daga coci suka ɗaura bargo a jikin gora suka ɗauke ta. Baba Kler ya ce ba da shi ba, amma da muka kai gangaren na waiwaya na gan shi yana biye da mu daga nesa, da addarsa a ƙugu. Ƙarshen damina ne, ruwan ya kai gwiwa, ja kamar shayi. Da muka kai tsakiya sai ta ce a tsaya.

"Ku sauke ni kaɗan."

Suka dubi juna, suka rage tsawo. Ta zuro hannun, zaren da komai, ta tsoma a ruwan. Ta daɗe a haka.

"Sanyi kawai gare shi," ta ce. "Shekara talatin, ashe sanyi ne kawai."

Kabarin ya zama tudu ƙarami a gindin wata ayaba, amma ba ciyawa ko ɗaya a kansa, an kewaye shi da duwatsu. Goggo ta dubi wurin, ta dubi mijinta da ya iso yana ɗigar ruwa.

"Kai kake zuwa?"

"Duk wata," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ina roƙonsa kada ya kira ki."

Aka zaunar da ita, na tallafe mata baya. Ta shafa ƙasar tana kiran yaron da sunan da take kiransa yana goye. Mu duka muka yi kuka, har mazan. Sannan ta miƙa wa Baba Kler hannu.

"Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

"In na yanke tafiya za ki yi."

"Ko ba ka yanke ba tafiya zan yi, Uban Eh Doh. Ba ka ji abin da likita ya ce ba? A asibitin nan na kwanta na ce, Yesu, ga ni da tsorona, ban iya ajiye shi ba. Sai na ji kamar an riƙe min hannun nan, riƙo na gaske. Tun ranar nake barci. Kai kuma ka riƙe ni shekara talatin, na gode, Allah ya sani na gode. Amma ko nan ban iya zuwa ba. Ba na son in je gaban Yesu a ɗaure."

"Ni fa?" ya ce. "Wa zan kira?"

Ta dai bar hannun a miƙe a gabansa. Ya durƙusa, ya zaro addar, ya sa bakinta a ƙarƙashin zaren da hankali kamar mai cire ƙaya. Zaruruwan sun haɗe sun yi tauri, sai da ya ja sau uku. Ya tattara su ya zuba a aljihun rigarsa.

Kwana biyar ta ƙara. Ta ci abinci fiye da yadda ta ci a wata guda, ta sa aka buɗe tagar da ke kallon rafi, wadda ban taɓa gani a buɗe ba. Ranar Asabar da rana tsaka ta cika, ina tsefe mata kai. Da muka zo yi mata wanka na ga wurin zaren, fari sol kamar fatar jariri, rana ba ta taɓa shi ba tun ina budurwa. A ƙetare aka binne ta kusa da ɗanta, yadda ta roƙa, duk da gunagunin dattawa.

Baba Kler bai shigo coci ba, bai kuma ce min na yi laifi ba. Gaisuwa kawai muke yi. Da sabon wata ya tsaya, ina kwashe shanya da yamma na gan shi ya fito da ludayin, ya tsaya a gindin tsani. Ya ɗaga shi, na tsaya ina jiran ƙarar. Ya daɗe da hannu a sama, sannan ya zauna a matakalar ƙasa, ya ɗora ludayin a gwiwa, yana kallon hanyar rafi. Bakin wani farin zare ya leƙo daga aljihunsa.