Saiwar da Iya Tan Ta Zo da Ita

Da na leƙo ta kan katanga, Dehou yana tsaye bakin gona da fartanya a kafaɗa, uwarsa kuma ta dasa kujerarta ta gora a tsakiyar kunya ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sanda. Rana ta take, babu ko inuwar da kaza za ta fake.

"Iya, ki tashi mana. Mutane suna kallonmu."

"Su kalla. Ka fara sara ta kaina, sai ka ji daɗin ƙarasa sauran."

Ni ce mutanen da ake cewa suna kallo, kuma ban ɓuya ba, domin rigimar ta shafe ni. 'Yar hanya ce kawai ta raba gonata da ta Iya Tan, uwar tasa, kuma ni na tasa Dehou gaba da mita har ya ɗauko fartanyar.

A ƙauyenmu furen rawaya kowa yake nomawa. Kan furen muke tsinkewa da tsakar rana tun yana rufe, mu turara, mu shanya a kan tabarma, wani a sayar wani a zuba a miya. Wanda aka bari ya kai yamma ya buɗe, ya tashi daga abinci. Babban abokin gabarmu kuwa ciwon tsatsa ne. Da zarar ruwa ya haɗu da zafi, sai ka juya ganye ka ga ƙuraje ja-ja a bayansa, in ka shafa su bar maka gari a yatsa kamar na bulo. Ba a jimawa ganyen ya ƙone, kan furen ya fito siriri abin tausayi. Iska ce ke yawo da garin, ita da ƙafar wando.

Shekarun baya muka gaji, muka tone tsohon iri muka dasa sabo mai kaurin ganye, wanda tsatsa ba ta cika kama shi ba. A miya bai kai tsohon laushi ba, wannan ba na musu, amma yana kai mu ƙarshen kaka da ganyensa kore. Iya Tan kaɗai ta ƙi. Kowace shekara gonarta ce ke fara yin ja, kuma ko sabon irin nan, in aka yi ta busa masa garin dare da rana, yana gajiya. Kunyoyina na bakin hanya kullum su ne ke shan wahalar.

Dalilinta kowa ya sani. A zamaninsu, ranar da za a kai amarya, uwa takan tono gindi ɗaya daga gonarta, ta aske ganyen, ta wanke saiwar, ta naɗe a jan ƙyalle ta damƙa wa 'yarta. Da irin wannan ƙunshin Iya Tan ta tsallako dutse ta zo garinmu, kuma daga gindi ɗayan nan ta yi ta rabawa har ya cika gona. Can garinsu sun daɗe da mayar da gonakinsu na lemo, don haka in nata ya tafi, irin ya ƙare ke nan. Ita kuma ba ta haifi mace ba. Matar Dehou tana kudu a masana'antar takalma, sai sabuwar shekara take leƙowa, kuma ko ciyawa ba ta bambancewa da albasa.

Ranar dai mijina Shunfa ne ya shiga tsakani. Aka tsaya a kan a bar gonar har a gama tsinkar bana, sannan a tone a ƙona ganyen. Iya Tan ba ta ce ta yarda ba, ta dai miƙa wa ɗanta kujerar ya ɗauka.

Ana shirin fara tsinka ta daina cin abinci. Dehou ya kai ta asibitin birni, suka dawo da ita da ƙunshin magani, kuma babu wanda ya tambayi abin da likita ya ce, duk mun gane. Ta sa aka yaye ledar da ke kan akwatin gawarta, wanda ta sa aka sassaƙa tun mijinta yana da rai, aka goge shi aka bar murfin a buɗe ya sha iska. Daga nan ta shiga aikawa a kira mata matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta fito sai ka ga tana sauri tana kallon ƙasa. Gindi ɗaya take roƙon a karɓa a dasa. Wata ta ce sai ta tambayi mijinta, wata ta ce bayan kaka, wata ta ce awaki za su cinye.

Ni ta bari ƙarshe. Na same ta kwance a gadon katako, gidan sauro a naɗe, miyar kazar da na aiko tun safe tana kan tebur da maiƙonta a daskare.

"Matar Shunfa," in ji ta, "ke kika fi kowa baki a kan gonata."

"Ni ce, Iya. Kuma ban janye ba."

"Shi ya sa na ajiye ki. Sauran sun yi mini ƙarya mai daɗi, har na ƙoshi. Ke faɗa mini, za ki karɓi gindi ɗaya? Ko bayan kejin agwaginki ne."

Na ce mata ba zan karɓa ba. Na ce bayan keji ma iska tana zuwa, kuma in na dasa, baɗi ni ce za a leƙa ta katanga ana zagi. Na faɗa ne kai tsaye, domin ta girmi a yi mata kwana-kwana, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Matar nan ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka, ita ta koya mini yadda ake gane turaren fure ya yi da taɓawar yatsa kawai.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce in ɗaga ta ta kurɓi ruwan zafi, ta daɗe tana kallon akwatin ta ƙofar ɗaki.

"To shi ke nan. Ni na kawo shi, ni zan koma da shi. Ran da na tafi, ki tono mini gindi ɗaya, na kusa da rijiya, shi ne uwar sauran. Ki aske, ki wanke, ki naɗe. Akwai jan ƙyalle a ƙasan adakata. Wannan ma za ki ce iska?"

"Wannan zan yi, Iya."

"Ki cire wandon kafin ki shiga gonarki, kar ki ce na yi miki mugunta daga kabari."

Ta cika ana tsakiyar tsinka, da rana tsaka, lokacin da ko kare ba ya cikin gari. Dehou ya dawo juye kwando ya tarar har ta fara sanyi. Ina cikin gona na ji ƙarar abin fashewar da ake kunnawa a sanar da mutuwa, na kuma san daga gidan da ta fito. Na tsaya. Sai na ƙarasa kunyar da nake kai, domin fure ba ya jiran makoki, kuma ita ce za ta fara zagina in na bar shi ya buɗe.

Kwanakin zaman makoki haka muka yi su a guje. Da rana kowa yana gonarsa, da yamma a taru a gidan ana dafa shinkafa, ana yayyaga farin ƙyallen da masu makoki ke ɗaurawa a kai, masu ganga da algaita suna nasu. Gonar Iya Tan kuwa babu mai shiga. Dehou yana durƙushe gaban gawa yana amsa gaisuwa, al'ada ba ta bar shi ya taɓa aiki ba, maƙwabta kuma kowa yana tsoron kwasar jan gari ya kai gida.

Ranar da za a rufe akwati na sa tsohon wando na shiga da cebur. Ganyen duk ya yi ja, yana karyewa a ƙafa. Gindin kusa da rijiya ya yi faɗi kamar faifai, sai da na yi gumi kafin na ɓantari wani sashe. Na aske shi ƙwal, na wanke saiwar a bokiti har ta fito fara-fara masu kumburi, na naɗe a ƙyallen, wanda asu ya ɗan ci gefensa.

A bakin akwatin Baba Zou ya tare ni. Shi ke tsara jana'iza a ƙauyenmu tun ina amarya, kuma ba ya son a zo masa da sabon abu. Ya ce jan ƙyallen amarya ba kayan gawa ba ne, ɗanyen abu mai rai kuma ba ya bin mamaci, shi bai taɓa gani ba. Na ce ita ta ce, ya ce matattu sukan ce abubuwa da yawa kafin su mutu. Ni kuma na tsaya da ƙunshi yana ɗigar ruwa a kan takalmina. Na matsa ta wajen ƙafafunta da niyyar in tura shi can in an juya baya.

Dehou ne ya miƙe daga durƙuson, gwiwoyinsa duk toka. Ya karɓi ƙunshin daga hannuna.

"Baba, a yi haƙuri. Ba a ƙafa ba, matar Shunfa. A hannu ta zo da shi."

Ya ɗaga hannayenta da suka sandare, ya kwantar da ƙunshin a ƙirjinta, ya mayar da su a kai. Baba Zou ya kau da kai ya ce a kawo murfi. Da aka fara buga ƙusa na fita waje na yi kukana, don ba na son kuka a gaban mutane.

Da safe aka hau da ita dutse aka rufe. Bayan an watse, wajen la'asar sakaliya, na fito kwashe shanyata. Gonarta duk ta buɗe, kan furen da ba a tsinka ba ya yi rawaya tun daga bakin hanya har rijiya, a saman ƙonannen ganye, ƙamshin ya cika unguwa. Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa ganin gona guda a buɗe ba. Mata biyu da suka taso daga rafi suka ajiye bokitansu a kan hanya suna kallo. Kusa da rijiyar, ramin da na tona ya tara ruwa, wata agwagwa ta tsoma baki tana sha.