Kujerar Inna a Tsakar Gida

Tunda na buɗe ido ban taɓa ganin Inna ta tsaya an ɗauke ta hoto ba. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta kawar da kai, ta ce mu je mu ɗauki masu kyau. Hoton da ke jikin katin shaidarta kuwa ruwa ya cinye shi tuntuni, sai inuwar kai da kafaɗa. To ranar da ita da bakinta ta ce a zo a ɗauke ta, na san akwai magana. Tana kwance ciwon ya ci jikinta, ni kuma ina zaune a bakin gado da tsohon ciki. Ta ɗora hannu a kan cikin ta ce, "Wannan ba zan gan shi ba. A ɗauke ni, ya san fuskar kakarsa."

Na ce ta daina irin wannan magana, amma hannuna ya riga ya shiga jaka neman waya. Sai ga Auta a bakin ƙofa. Ƙanena ne, ɗan lelen Inna, ga gemu ga mata a gida amma har yanzu Auta muke ce masa. A shagon buga takardu yake aiki, kuma a watan ya sayi kyamara, irin baƙar nan mai dogon baki da ake cire idonta a sa wani. Ta 'yan koyo ce, shi ma ya sani, amma yadda yake rataye ta a wuya sai ka ce da ita aka haife shi.

Ya ce, "Haba Yaya, da waya? Hoton Inna guda ɗaya a duniya, ki yi shi da wannan abar da gilashinta ya tsage? Ajiye don Allah."

Ba zan ci hakkin kyamarar ba. A waje, in rana ta fito, aikinta babu na biyunsa. Ya ɗauki matarsa a bakin titi, fuskarta ta fito tar har ana ƙirga gashin gira, motocin baya kuma suka narke suka zama launi kawai. Ya ɗauki mai gyaran taya na layinmu, mutumin ya kalli hoton ya ce ashe haka yake da kwarjini. Ba ta da nauyi, batirinta kuma sai ya wuni yana ɗauka bai mutu ba. Mun sha wannan lacca a gidan har mun haddace.

Amma ɗakin Inna ba bakin titi ba ne. Taga ɗaya ce ƙarama, katangar maƙwabta ta tare ta, ga hadari ya haɗu tun azahar, ƙwan lantarkin kuma irin mai jan hasken nan ne kamar ba ya so. Na tayar da Inna na jingina ta da filo. Ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta mai ruwan toka, ta ce in goge mata fuska da ruwa. Har murmushi ta yi, ta ce, "To gwani, ga ni."

Auta ya durƙusa ya kafa ido. Idon kyamarar ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, yana wani ƙara zii, zii, ya kasa kama fuskar. Da ya kama sai ya kama kwalbar magani da ke kan teburi. Auta ya yi tsaki ya matsar da kwalbar. Ya sake dannawa, sai filasha ta yi tsalle ta buɗe da kanta ta watsa wa Inna haske a ido, ta runtse tana salati. Ya kashe filashar, hoton ya fito duhu. Ya murɗa wani abu a sama, hoton ya yi haske amma duk ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. In Inna ta ɗan motsa don numfashi, fuskar sai ta zama biyu.

Duk ɗauka ɗaya sai ya sunkuya kan ɗan allon baya, ya ɓata rai, ya danna nan ya danna can. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga wani, dishi-dishi ne amma Inna ce, har da murmushin. Na ce wannan ai ya yi. Ya ce, "Ke me kika sani? Ƙaramin allo ne ya rufe asirinsa, in an wanke shi sai kin yi kuka."

Na sake ciro waya, raina a ɓace. Inna ta ɗaga mini yatsa. "Ki bar yaron nan ya yi aikinsa. Kullum sai kin nuna kin fi shi." Wuyanta ya riga ya gaji, kanta yana zamewa daga filo. Auta ya ce laifin ɗakin ne, gobe da hantsi za a fito da ita tsakar gida, haske zai sauka a gefen fuskarta, za mu ga abin mamaki. Inna ta ce Allah ya kai mu, ta zame ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Da safe kuwa gari ya washe. Auta ya zo da wuri, ya ɗauko kujerar katakon Inna ya kafa kusa da igiyar shanya. Ya ɗauke ta hoto, ya matsar da ita, ya sake ɗauka, ya ja ta inuwa, ya dawo da ita rana, wai yana gwada haske don kada a wahalar da tsohuwa in an fito da ita. Ina jin ƙarar kyamarar ƙas, ƙas ta taga lokacin da nake riƙe da hannun Inna. Ina jin ta har hannun ya saki. Ban iya kiran sa ba, matarsa ce ta fita ta faɗa masa.

Bayan an kai Inna makwancinta mutane sun watse, na same shi a zaure na ce ya ba ni hotunan jiya, ko mai duhun, ko mai yashin, ba ruwana. Ya hau kame-kame. Na maimaita. Ya ce ya goge su. Wai haka masu aikin suke yi, hoton da bai yi ba ba a barin sa, tun a ɗakin yake gogewa ɗaya bayan ɗaya. Da safe kuma ya share katin ajiyar hotunan kyamarar gaba ɗaya don ya fara aikin Inna da wuri fes.

Ban zage shi ba. Na karɓe katin, bayan an yi bakwai na hau mota da wannan cikin har kasuwar 'yan waya, wurin wani mai gyara da aka ce yana dawo da abin da aka goge. Ya sa katin a kwamfuta, muka zauna muna kallon wani layi yana rarrafe. Ya ce da ba a ɗauki komai bayan gogewar ba da akwai dama, amma sababbin sun hau kan tsofaffin. Hotuna suka fara fitowa. Kujera a rana, kujera a inuwa, kujera ta gefe, kujera daga ƙasa. Kai, sun yi kyau, har tsagar katakon da inda hannun Inna ya sa shi sheƙi duk sun fito. Mai gyaran ya bi su har ƙarshe, ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Wa kike nema a ciki?"

Na ce ya wanke mini ɗaya, babba.

Na sami Auta a shago yana jera takardu, idonsa jawur. Na ajiye hoton a kan injin da ke gabansa. Na ce, "Ga Inna nan, gwani. In yaron ya girma ya tambaya, kai za ka nuna masa." Ya kira ni Yaya, ya sake kira, ban juya ba. Na fita na tsaya a bakin titi ina jiran mota.