Sakiyar da Aka Yi wa Duna

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama Duna ya fara ɗingishi. Karen maigidana ne, mafaraucin da mutanen Kademi ke kira Kawu Bunu. Shekara goma sha biyu suna shiga daji tare, har gemun karen ya yi fari kamar na mai shi. Ni kuwa tsakanina da shi sai na watsa masa ƙanzo daga nesa.

Wani kumburi ne ya fito masa a bayan ƙafa, sama da dunduniya, kamar ƙwallon goruba. Maigida ya ce ƙaya ce ta ruɓe a ciki. Ya sa kibiya a wuta ta yi ja, ya yi masa sakiya. Ko ɗigon mugunya bai fito ba, sai baƙin jini. Mai hankali da ya tsaya nan, amma mutumin nan kansa dutse ne. Sau uku yana ƙona dabbar nan, kumburin kuwa sai ƙaruwa yake, ƙudaje suka mai da shi gida.

Ranar kasuwar Ajingi ya ɗora shi a jaki ya kai wa malamin dabbobi. Ya dawo jikinsa a sanyaye.

"Hure, wai sankara ce ta kama jijiyar," in ji shi. "Wai wutar da na sa masa ce ta buɗe ta. In ya ƙara gudu, jini ne zai ƙarar da shi."

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, gangar farauta ta tashi daga yamma da gari. Duna da ko ruwa ba ya iya tashi ya sha, sai ga shi tsaye a kan ƙafa uku. Maigida ya ɗaure shi a turken akuya.

"Don Allah ki sa masa ido. Kada ya biyo ni."

Suna yin nisa karen ya fara fizga. Ba haushi yake ba, wani siririn kuka ne mai shiga ƙashi. Igiyar ta shaƙe shi, idanunsa suka firfito, ciwon ya fashe yana ɗiga a ƙasa. Na ce zai mutu a gabana, a turke. Tausayi ya kama ni, wallahi. Na ɗauko wuƙa na yanke igiyar, ina cewa ai zai cim musu, maigida ya ɗauko shi. Nan take ya fice da gudu a kan ƙafa uku, ya bi sawunsu ta fadama.

Da azahar na hango ungulaye suna kewaya saman fadama. Na koma ɗaki na kasa cin abinci.

La'asar sakaliya maigida ya shigo da zomo biyu a kafaɗa, yana murmushi. Ya ciro hantar da ya naɗe a ganye.

"Na kawo wa tsohon nawa rabonsa. Ina kika mai da shi, inuwa?"