Kusurwar Zanen Gado

An ce zumunci a ƙafa yake. Ni dai na kai ƙafar, har da awa shida a jirgin sama. Abin da masu maganar ba su faɗa ba shi ne yadda mutum zai yi in ya isa aka tambaye shi wa yake nema.

Ƙawata na je dubawa. Sajan muke kiranta a asibiti, don ko babban likita bai isa ya taɓa mata majinyaci bai wanke hannu ba. Ni kuwa ita ta laƙaba mini Bahaguwa. Shekara talatin da ɗaya muna aikin jinya tare, kafin 'yarta ta ɗauke ta zuwa ƙasar da take aiki. Kwana biyu kacal na samu, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi.

'Yar ce ta tarye ni. A mota ta shiga jero mini wuraren da za ta kai ni: gidan tarihi, wata doguwar gada, kanti mai hawa biyar.

"Ke, ni ba gada ta kawo ni ba. Yaya uwarki?"

Ta gyara madubin motar da ba abin da ya same shi. "Inna, mantuwar ta yi nisa. In ba ta gane ki ba, kada ki sa a ranki."

A hawa na tara suke. Na tarar da Sajan bakin taga tana kallon motoci. Na tsaya gabanta na ware hannuwa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah," ta ce, da wani ladabi da ban taɓa sanin tana da shi ba. "Wa kike nema?"

Ran Asabar muka tura ta a keken marasa lafiya muka zaga gari. A kan gadar na ba ta labarin wani likitanmu da ya taɓa suma da ganin jini. Ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo mai surutu. Masana sun ce a nuna wa irinsu tsofaffin hotuna. Na nuna. Ta ɗora yatsa kan fuskarta ta da, ta ce, "Wannan ta cika ɗaure fuska."

Da la'asar shayi ya zube a gadonta. 'Yar na kan waya, sai na yaye zanen na ɗauko wani. Ban kira kowa ba, amma Sajan ta taso ta kama ɗaya gefen, kamar yadda muka saba, don mutum biyu ke shimfiɗa gadon asibiti. Muka kaɗa zanen ya sauka. Na cusa kusurwa ƙarƙashin katifa, kuma da yake da hagu nake farawa, ninkin ya fito a juye.

"Bahaguwa! Shekara nawa ina gaya miki? Kwance ki sake."

Na daure na ce, "Haba Sajan, kusurwa ta taɓa kashe majinyaci?"

"Ke za ta kashe in babbar sista ta gani. Ina ma kika shige tun safe, kin bar mini ɗaki ni kaɗai?"

"Hanya ce ta yi nisa."

"Kullum da hujjarki, malalaciya."

Muka yi dariya har da hawaye. Bai fi minti goma ba ta koma kujerarta, idonta ya koma kan motoci.

Lahadi da safe jakata na bakin ƙofa, mai tasi na jira a ƙasa. Na shiga na yaye zanen.

"Inna, jiya fa aka canza," in ji 'yar.

"Na sani."

Sajan ta zo ta kama gefenta. Na ninka kusurwar a juye, a hankali, yadda ko makaho zai lura. Na tsaya ina jiran faɗa.

Ta daɗe tana duban wurin, ta shafa shi da tafin hannu.

"Allah ya yi miki albarka, kin iya aiki," ta ce. "Sabuwa ce ke a nan?"

"Sabuwa ce."

A cikin lif na ce wa 'yar kada ta gyara kusurwar nan. Na ce ta bar ta haka, ko Allah zai sa wata rana uwarta ta gani ta zage ni.