Gadon Tela Ya Kalli Ƙofa

Ana cikin juya gadon ne ƙafarsa ɗaya ta maƙale a jikin keken ɗinki. Tela yana kwance a kai yana ba da umarni, kamar direban da ya san ba shi zai tura motar ba. Hedimasta, maƙwabcinsa mai ritaya, ya kama wajen kai, 'yar Tela ta kama wajen ƙafa, suka yi ta nishi har fuskar mara lafiyar ta bar bango ta kalli ƙofa.

Duk layin an san dalili. Marubucin garin, wanda ake taron tunawa da shi a ranar, nan ya tashi, kuma a littafinsa da ya fi suna akwai wani tela mai baƙin rai da ya mutu shi kaɗai, fuskarsa a bango. Tela bai taɓa buɗe littafin ba; masu kawo ɗinki ne suka karanta masa shi kyauta, kowa da shafin da ya fi masa daɗi. Baƙin ran bai musa ba. Mutuwar ce ya rantse ba zai yi ta yadda maƙaryacin nan ya tsara ba.

Hedimasta kuwa leƙowa kawai ya yi. Ya shekara da shekaru yana bin kwamitin taron su ba shi dama ya yi magana, sai bana suka tuna da shi, bayan wani farfesa ya fasa zuwa. Ya sha kwat ɗinsa ta zamanin aiki, maƙalarsa a hammata.

Sai 'yar ta ja shi gefe. Ta ce numfashin Baba ya sauya, za ta je ta ɗauko likita, kuma duk layin an watse an tafi zauren taro.

"Kawu, ɗan zauna da shi don Allah. Yanzun nan zan dawo."

Ya duba agogo, ya zauna a bakin gadon da rabin jiki.

Tela ya tambaye shi a kan me zai yi wa mutane surutu. Hedimasta ya so ya yi ƙarya, amma koyarwa ta riga ta ɓata shi, sai ya faɗi taken: kaɗaici a mutuwar telan littafi.

"Wato ni za ka je ka yi musu bayani, ga ni nan kwance," in ji Tela. Ya yi abin da a da dariya ce. "Tafi abinka, Hedimasta, kar su ba wani kujerarka."

Haka bakin ya ce. Hannun kuwa ya riga ya damƙe gefen kwat ɗin.

Zauren ba nisa, lasifika na kawo komai. Suka ji an yabi marigayi marubucin, an yabi kwamiti, kwamiti ya yabi kansa. Daga nan aka kira Hedimasta, aka sake kira. Ya dubi ƙofa, ya dubi yatsun da ke riƙe da shi, sannan ya ajiye maƙalar a kan keken ɗinki ya gyara zama.

Tela bai yi godiya ba, ba halinsa ba ne. Ido ya ƙura wa ƙirjin kwat ɗin.

"Wane mugun ne ya ɗinka maka maɓallin nan?"

Hedimasta ya ce shi ne, tun bayan rasuwar matarsa. Tela ya ce ai da gani. Ya sa shi ya ɗauko allura a gwangwani, ya sa zare, sannan Tela ya riƙa faɗa masa inda zai soka, yana tsaki duk sanda ya kuskure. A hankali tsakin ya riƙa jinkiri. Hedimasta ya ci gaba da sokawa, yana tambaya ko nan ne, ko nan ne, har ya gane babu mai amsa masa.

Ya rufe masa ido, ya yi masa addu'a, bai tashi ba.

Da 'yar ta shigo da likita, can zauren ana tafa wa wani. Fuskar Tela na kallon ƙofa. Hedimasta na zaune, hannun mamacin a cikin nasa, allura tana lilo a ƙirjinsa, maɓallin saura kaɗan ya zauna.