Abin da Hannun Baba Ya Faɗa a Talabijin

Gwaggo Verna ce ta jawo mana su. Ƙanwar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita tana ji, shi kuma kurma aka haife shi. Sun girma a ɗaki ɗaya, sun tsufa a gari ɗaya a nan Ohio, amma ba ta taɓa zama ta koyi maganar hannu ba. In za ta yi masa magana sai ta kawo fuskarta dab da tasa, ta wage baki tana ihu.

Iyayena duka biyu kurame ne. Baba, Orville Pruitt, ya yi ritaya daga gidan buga jarida, Mama kuma, Lorene, ɗinki take yi. Ni ce 'yarsu tilo, Corinne, kuma ina ji, don haka tun ina 'yar firamare ni ce bakinsu a asibiti da banki.

Gidanmu ba shi da kyan gani, wannan ban musa ba. Tun kafin a haife ni Baba ya rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo, domin in Mama tana girki yana zaune su riƙa hira. Ya kafa madubai a kowace kusurwa, daga kan kujerarsa yana ganin mai saukowa daga bene. Daɓen na katako ne tsirara, in ka buga ƙafa a wannan ɗaki, na wancan ɗakin zai ji a tafin ƙafarsa ya juyo. Fitilun kuwa farare ne fes kamar na ɗakin tiyata. Abu ɗaya ne ya lalace a gidan, rufin yana yoyo.

Gwaggo ta ɗauki bidiyon bokitan da Mama ta jera a ɗakin kwana, ta haɗa da nata kukan, ta aika wa shirin nan na Gida Sabo, Zuciya Sabuwa. Mu dai ba wanda ta faɗa wa.

Ranar da suka zo na biya ne in ajiye wa Mama magani kafin in wuce aiki. Na tarar layinmu ya cika maƙil. An kwaso 'yan badujalar makarantar sakandare da kakaki da ganguna, an jera su a kan ciyawar ƙofar gida suna ta busa don su ba iyayena mamaki. Mai gabatar da shirin, Dax Merriwether, yana tsaye a gaba ya ware hannuwa, haƙoransa farare kamar an shafa musu fenti. Yaran suka gama waƙa ta farko, ƙofa a rufe. Suka sake wata, har mai babban kakakin ya fara haki. Ta taga ina hango Baba yana shafa wa burodi man gyaɗa hankali kwance.

Wata siririyar mata mai na'ura a kunne ta nufo ni. Ita ce Brynn, mai shirya shirin.

"Ke ce 'yar? Me ya hana su fitowa?"

"Kurame ne," na ce.

"Eh, mun sani. Ai shi ya sa muka zo."

Na tsaya ina kallonta, ita ma tana kallona. Sai can ta juya ta ce wa yaran su dakata.

Mama ce ta fara ganin taron. Ta fito da gudu da silifa ɗaya, ta ɗauka gobara ce. Da na yi musu bayani Baba ya ce a kore su. Mama ta juya wa kyamara baya, ta yi masa magana a saitin cikinta, inda kurame ke yin raɗa.

"Orville, ruwa na ɗiga a kan filona. In kana da wani mai gyaran rufi a aljihunka fito da shi. In ba ka da shi, yi murmushi."

Ya yi murmushin, irin na mai ciwon haƙori.

Aka zaunar da su a falo don hira, aka saka ni a gefe ina fassara. Brynn ta durƙusa a gaban Baba ta dafa gwiwarsa, kamar yadda ake yi wa yaron da ya ɓata a kasuwa.

"Tambaye shi, in da za a buɗe masa kunne yau, wane sauti ya fi ɗokin ji?"

Baba ya ɗan yi tunani. "Ce mata ƙarar motarsu tana barin layinmu."

Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta yi dariya. "Wayyo, yana da ban dariya! Amma sake tambayarsa. Ko muryarki ce, lokacin kina jaririya? Ba ya jin ciwo bai taɓa jin kin ce Baba ba?"

"Tana ce min Baba kullum," ya ce, ya ɗora babban yatsa a goshi ya nuna mata. "Yawanci in motarta ta mutu."

Brynn ta ja ni gefe ta ce in ban damu ba, ko zan iya tuna wani abin baƙin ciki na yarinta, don idona ya ɗan kawo ruwa. Na ce ba ni da shi a kusa. Ba ta sha wahala ba, Gwaggo Verna na nan. Ta yi musu kuka a falo, ta yi a kicin, da mai kyamara ya ce haske bai yi ba ta koma bakin taga ta sake.

Kafin shirin ya tura su hutu Florida don a yi aikin gidan, Baba ya kama hannun Brynn ya zaga da ita gidan. Ya nuna daɓe, ya nuna madubai, ya nuna inda bango yake a da. Ya ce su gyara rufi, su yi fenti in suna so, amma waɗannan a bar su. Na faɗa mata dalla-dalla. Ta dafa ƙirji ta ce, "Na ji shi. Har cikin raina na ji shi."

Satin nan na ga abin mamaki a garinmu. Mutanen da suka shekara talatin suna tsallaka titi don kada su haɗu da Baba su rasa yadda za su yi da hannuwansu, duk suka fito cikin koriyar rigar shirin. Shugaban gari ya riƙe guduma. Fasto ya riƙe tsani. Maƙwabcinmu Hollis, wanda ya taɓa kai ƙarar iyayena wai dariyarsu ta cika ƙara, ya tsaya gaban kyamara ya ce Orville ɗan'uwa ne a gare shi. In kyamara ta juya sai a ajiye guduma a koma layin kofi, ainihin magina su ci gaba da aiki a baya. Ni kuwa an hana ni shiga, wai kada mamakina ya lalace.

Ranar buɗewa aka rufe gaban gidan da wani ƙaton labule. Iyayena suka sauko daga doguwar mota, Mama ta yi ja da ranar Florida, kuma ta ce min ta ji daɗin hutun, ba ta ɓoye ba. Aka saki labule, jama'a suka kaure da ihu. Daga waje gidan ya yi kyau, kuma rufin sabo ne dal. Mama ta kalle shi ta sauke ajiyar zuciya.

Sai muka shiga.

Ƙafata ta nutse cikin kafet mai laushi kamar gashin tunkiya, daga ƙofa har saman bene. Baba ya buga ƙafa. Mama na gabansa, ba ta juyo ba. Ya sake bugawa da ƙarfi, ba ta juyo ba. Tsakanin kicin da falo an tayar da bango, an yi masa murhun ado da duwatsu. An kwashe madubai, an rataye alluna masu rubutu a madadinsu, ɗaya na cewa ƙauna ba ta bukatar kalmomi. Fitilun sun zama wasu 'yan rawaya masu lumshewa irin na gidan cin abincin masoya, da ƙyar nake ganin yatsun Mama.

"Ku tsaya, ba ku ga komai ba!" in ji Dax. Ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi, "Fitila, ƙara haske!"

Fitilun suka ƙara haske. Jama'ar da ke leƙe ta taga suka yi tafi.

"Ba sai kun taɓa komai ba, magana kawai za ku..." Ya kalli Baba, ya kalli Brynn.

"Akwai rimot ma," ta ce da sauri. "Za mu yanke nan."

Warin sabon fenti ya sa idon Baba ya yi ja yana ruwa. Brynn na ganin haka ta ɗaga wa mai kyamara hannu, har tana rawar jiki. Aka matso. Dax ya rungumo kafaɗar Baba.

"Oscar, faɗa wa duk ƙasar nan abin da ke zuciyarka."

Baba ya karanta leɓensa, ya ga sunan da aka kira shi. Ya zame kafaɗarsa, ya gyara tsayuwa, ya dubi kyamara ido cikin ido. Ya yi magana a hankali, hannuwa a sama, yadda yake yi in yana jawabi a kulob ɗin kurame.

"Kurame da ke kallo, da ku nake. Wannan mai haƙoran bai san sunana ba. Na roƙe su rufi, sun gina bango tsakanina da matata, sun shimfiɗa tunkiya a ƙasa, sun kawo fitilar da ke jin magana. In kun ga motarsu a layinku ku ja labule ku saki kare. Waccan da ke kuka a bayana ƙanwata ce. Ku tambaye ta yadda ake faɗin sunana da hannu."

Na fara faɗa da baki, ban rage komai ba. Ban kai tunkiya ba Brynn ta zare min makirufo daga wuyan riga.

"Bari kawai, 'yar'uwa. Hoton ya yi kyau sosai. Za mu rubuta a ƙasa."

"Wa zai fassara muku?"

"Ai an gane abin da yake nufi," ta ce. "Dubi idonsa."

Da kaka aka nuna shirin, ranar wata Lahadi da yamma. Muka kalla a kulob ɗin kurame, a zauren da ke ƙarƙashin cocin Lutheran, kowa ya kawo abinci. An cika shirin da kiɗan fiyano da kukan Gwaggo. Sai ga Baba ya cika allon, ido jawur, hannuwa a fili tas, ba su yanke ko yatsa ɗaya ba. A ƙasa rubutu yana wucewa: Ban taɓa sanin akwai masu kirki irin haka a duniya ba. Kun ba ni murya. Allah Ya yi muku albarka, musamman ƙanwata.

Wanda bai taɓa jin dariyar kurame a ɗaki ɗaya ba bai san dariya ba. Ba sa jin kansu, don haka ba sa ragewa. Ana dukan tebur, kwanon taliya ya kife, tsohuwa Maxine Dole ta shaƙe da wake sai da aka bubbuga mata baya. Mama ta rufe fuska da hannu biyu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Baba na zaune ya harɗe hannu, kamar wanda aka ba lambar yabo yana ganin an makara.

Ba mu kaɗai muka kalla ba. Kafin gari ya waye wani malamin makarantar kurame a Texas ya saka guntun a intanet, rubutun shirin a sama, fassarar gaskiya a ƙasa. Zuwa tsakiyar mako har a wurin aikina ana tambayata ko babana ne mai tunkiya. Shirin ya cire bidiyon gidanmu daga shafinsa, ya fitar da sanarwa wai an samu ɗan saɓani wajen fassara.

Gwaggo Verna ta same ni a wurin ajiye motoci na kanti.

"Ni zai tozarta a idon duniya? Ni da na samo masa gida? Corinne, ke ma da ke aka haɗa baki!"

"Gwaggo, yaya ake faɗin sunansa da hannu?"

Ta ja jakarta ta shige mota. Daga ranar ta daina yi wa Baba magana. Da na faɗa masa bayan wata biyu, ya ce bai lura ba.

Brynn ta dawo kafin sanyi ya shigo, wannan karon da tafinta na gaske, mai takardar shaida, da kwandon 'ya'yan itace. Ta ce sun koyi darasi, suna so su yi shiri na musamman a kan sauraro da yafiya. Baba zai faɗi damuwarsa, Dax zai koyi yadda ake cewa yi haƙuri da hannu, sai su rungumi juna a gaban murhu.

Baba ya ɗaga hannu zai fara, Mama ta danne hannun. Ita ta amsa.

"Mun yarda. Ku zo ku rushe bangon, ku naɗe kafet, ku dawo min da madubaina. Ba kyamara. In kun gama sai mu zauna mu yi maganar runguma."

Brynn ta ce wannan shawara ce mai ƙarfi sosai, za ta kai wa na sama. Ta bar kwandon. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

'Yan kulob ne suka rushe bangon, wata Asabar. Tsofaffi ne kusan duka, kuma ba wanda zai iya riƙe guduma yana gardama a lokaci guda, saboda haka aikin ya ci yini, don sun fi son gardamar. Mama ta ce a bar mata injin wanke kwanoni da sabon firjin da shirin ya kawo, duk wanda ya taɓa su da ita zai yi. Gab da a gama, Baba ya ce a ba shi bugu na ƙarshe. Ya ɗaga guduma, ya kuskure dutsen, ya sauke ta a kan yatsunsa na hagu.

Likita ya ɗaure masa biyu da ƙarfe. Har bayan Kirsimeti da in'ina yake magana, zagin ma rabi-rabi yake fita, kuma duk lokacin da ya fara sai Mama ta ce ba ta gane ba, ya sake.