Tayar Barmo Mai Hoton Dutse

Shekara talatin Barmo yana dillancin dabbobi a kasuwar Tanut, ba a taɓa jin an cuce shi ba. Da ya ɗaga leɓen dabba ya leƙa haƙora zai faɗa maka shekarunta. To sai Allah ya hore masa mota, ilimi kuwa ya ƙaru nan take, ya zama masanin taya ma.

Ƴarsa ta haihu a Belbeji, jikansa na fari. A gaban Garba, uban mijin yarinyar, Barmo ya ɗaga murya ya ce kada kowa ya wahala, ragon suna shi zai kawo. Ana gobe suna ya sayo taya biyu ƴan gwanjo, irin waɗanda suka gama aiki a Turai suka zo hutawa nan ƙasar Damargu. Ya matsa su da yatsa, ya sa musu ƙafa, ya gamsu, ya kai wa Sulemanu mai faci ya ɗaura.

Sulemanu ya goge gefen ɗaya da tsumma.

"Baba Barmo, ka ga lambobin nan huɗu? Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tun dubu biyu da goma sha ɗaya aka yi ta."

"Sai me? Dubi zurfin zanenta, yatsana na shiga."

"Roba ta bushe, ga tsaga nan ƙanana. Wannan tamanin da biyun kuma nauyin kaya ne, kilo ɗari huɗu da saba'in da biyar, ba ƙari."

"Wa ka taɓa gani da sikeli a hanyar Belbeji?"

"Hoton dutsen nan fa, mai kamar tauraro a ciki..."

"Wannan ba sai an karanta mini ba. Tayar dutse ce, shi ya sa na zaɓe ta."

"Ƙanƙara ce, Baba. Don ƙasar sanyi aka yi ta."

"Madalla, sai ta riƙa sanyaya mana hanya. Ɗaura, ɗan nan, ba karatu na zo ɗauka ba."

Sulemanu ya ɗaura.

Bayan azahar, tsakiyar bazara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, Barmo ya loda matarsa Hajjo da ƙannenta huɗu, da buhun hatsi uku, da rago a baya. Taya ba ta da bakin kuka irin na raƙumi, don haka ya ɗauka ta yarda.

Ta farko ta fashe bayan la'asar, aka sa ta ajiya. Ba a yi nisa ba ƴar'uwarta ta bi ta, da ƙara har rago ya saki fitsari kan hatsi. Waya ba ta kamawa a wurin. Nan suka kwana.

Da safe wani makiyayi ya tausaya ya ɗora su a raƙumansa. Hantsi ya dubi ludayi sannan suka shiga Belbeji, rago na biye da igiya. An raɗa suna, an watse, ragon Garba na rataye an gama fiɗa.

Garba ya taso da fara'a. "Maraba da suruki! Ashe sabuwar motar mai tozo ce?"

Barmo ya tsuguna wajen kan ragon da aka yanka, ya ɗaga leɓe ya leƙa.

"Tsoho ne," ya ce a hankali.

Hajjo tana kakkaɓe zanenta ta ce, "Ashe dai kana gane tsoho, Malam."